Silifa a Fadar Shugaban Amurka

Mai karatu, a ce yau da hantsi ɗan aike ya yi sallama a ƙofar gidanka a Rurum Sabon Gari, ya ce gobe ana son ganinka a fadar Rano. Me za ka fara nema? Na san amsar. Za ka ciro babbar rigar da ka adana tun Sallah, ka kai wa mai guga, ka kaɗe hularka, ka nemi ɗan turare. Takalmi kuwa ba zai hana ka barci ba, domin ko na fatar kada ka sa, a bakin ƙofa za ka tuɓe shi ka shiga da ƙafarka. To, akwai ƙasar da ake shiga fada da takalmi a ƙafa, kuma a can ne takalman wasu 'yan mata suka kusa cinye labarin bajintar da ta kai su gaban shugaba.

Ƙasar ita ce Amurka, shekarar kuma 2005. Amma kada mu yi azarɓaɓi. Kafin mu kai ga takalmi, bari mu fara da sanda.

Wasan sunansa lakuros. Ka taɓa tsayawa a bakin dam ɗin Tiga ka ga masunci da komarsa? To, ka ƙaddara an rage komar nan ta dawo kamar tafin hannu biyu, an ɗaura ta a kan sanda mai tsawon kamu biyu da 'yan kai. Da ita ake cafe wata ƙwallon roba mai tauri, wadda ba ta wuce ƙaramin lemon zaƙi ba. A wasan mata na jami'a, mutum 12 ne a kowane ɓangare. Ki cafe, ki ruga da gudu kina murza sandar don kada ƙwallon ta faɗo, ki wurga wa 'yar'uwarki, ita kuma ta auna raga. A baki abin ba wuya. Ka gwada gudu da ƙwai a cikin ludayi, wasu na binka suna neman kaɗe ludayin, sannan ka ba ni labari.

Ba Turawa ne suka ƙirƙiro wasan ba. Sun tarar da 'yan asalin ƙasar suna yinsa, musamman al'ummomin Haudenosaunee da maƙwabtansu, waɗanda suke ɗaukarsa kyauta ce daga Mahalicci. A zamanin da, ɗaruruwan maza kan shiga fili ɗaya, a wuni ana fafatawa, wani lokaci har a kwana a tashi. Wani ɗan mishan Bafaranshe, Jean de Brébeuf, ya rubuta labarinsa a shekarun 1630, kuma daga kalmar Faransanci mai nufin sanda mai lanƙwasa sunan ya samo asali. Mata sun fara buga shi a makarantar St Leonards da ke Sukotlan a 1890. Wata tsohuwar ɗalibar makarantar, Rosabelle Sinclair, ta kai shi wata makarantar 'yan mata a birnin Baltimore a 1926. A 1982 hukumar wasannin jami'o'in Amurka, NCAA, ta fara ba da kofin ƙasa na mata. Kofin kuwa sai ya zama kamar sarautar gado.

Me ya sa na ce haka? Domin shekara 23 a jere, daga 1982 zuwa 2004, kofin bai taɓa barin gabashin ƙasar ba. Can ne wasan ya yi saiwa, can ne makarantun masu hali suke koya wa yara tun suna ƙanana. Jami'ar Maryland kaɗai ta ɗauke shi sau 7 a jere, daga 1995 zuwa 2001. In ba Maryland ba, to Princeton ce, ko Virginia, ko wata maƙwabciyarsu. Duk yarinyar da ta iya wasan ta san inda za ta nufa. Wa zai bar kasuwar Dawanau ya tafi neman hatsi a inda ba a noma?

Can ciki, a garin Evanston da ke gefen Chicago, a bakin tafkin Michigan, akwai jami'ar Northwestern. Gari ne mai sanyin tsiya, inda ƙanƙara kan rufe fili a daidai lokacin da ake son fara atisaye. Jami'ar ta taɓa samun ƙungiyar lakuros ta mata, ƙarƙashin wata koci mai suna Cindy Timchal, daga 1982 zuwa 1990. Timchal ta tattara ta koma Maryland, ba a jima ba kuma hukumar Northwestern ta duba aljihunta ta soke ƙungiyar daga jerin waɗanda take ɗaukar nauyi. Kusan shekara 10 abin yana kwance. Da aka tashi farfaɗo da shi, sai aka nemo wata matashiya da ko shekara 30 ba ta kai ba. Ka san wace ce ta koya mata sana'ar?

Cindy Timchal ɗin nan dai. Sunan matashiyar Kelly Amonte Hiller, 'yar jihar Massachusetts, kuma a hannun Timchal ta yi wasa a Maryland, inda suka ci kofi a 1995 da 1996. Gidansu gidan wasa ne, yayanta Tony Amonte a lokacin shahararren ɗan wasan hoki na kan ƙanƙara ne a ƙungiyar Chicago Blackhawks. Wato malama ta bar kango ta je ta gina bene a wani gari, sai ga ɗalibarta ta dawo kangon da tsintsiya a hannu. A 2000 aka ɗauke ta aiki, a 2002 ƙungiyar ta koma cikin gasa. Matsala ɗaya ce ta rage, kuma ba ƙarama ba ce: ina 'yan wasan?

Mai karatu, sa kanka a matsayinta. Gwanayen yara duk manyan jami'o'in gabas sun kwashe. Ka je gidan iyaye ka ce su ba ka 'yarsu ta tafi garin ƙanƙara, ta shiga ƙungiyar da ba ta da tarihi sai na mutuwa. Wasu sun amsa, yawanci waɗanda manyan ba su waiwaya ba. Duk da haka adadi bai cika ba. Da kai ne, me za ka yi? Ka rubuta takardar koke ga shugaban jami'a? Ka zauna a ofis kana jiran sa'a ta ƙwanƙwasa? Ita dai Kelly sai ta buɗe ido tana duba ɗaliban da ke kai da kawo a harabar makaranta.

Wata rana ta hangi wasu tagwaye suna gudun motsa jiki a bakin titi. Ashley da Courtney Koester ke nan, 'yan garin Richmond a jihar Indiana, jihar da ƙwallon kwando ce sarauniya. Karatu ya kawo su, ba wasa ba, kuma ba su taɓa buga lakuros ba a rayuwarsu. Kelly ba ta tambayi takardar shaida ba. Ta kalli yadda ƙafafunsu ke cin ƙasa, ta tare su, ta nemi su zo su gwada. Lissafinta mai sauƙi ne: riƙon sanda ana koya wa mutum, amma gudu da zuciya sai wanda Allah ya ba. Ka riƙe wannan a ranka, domin ba wannan ne karo na ƙarshe da wani zai kalli ƙafafun 'yan ƙungiyar nan ba.

Yanzu juya ka tsaya a wurin tagwayen. Kana cikin gudunka, wata baƙuwa ta tsayar da kai, ta ce ka zo ka wakilci jami'a a wasan da ko dokokinsa ba ka sani ba. Za ka kara da waɗanda suka fara tun suna firamare. Ƙwallo za ta suɓuce maka a gaban jama'a, a yi maka dariya. Mu faɗi gaskiya, nawa ne daga cikinmu za su ce, a'a, ni karatu aka aiko ni? Tsoron kunya ya binne baiwar mutane da yawa fiye da yadda talauci ya binne. Tagwayen suka karɓi sanda.

Shekarar farko ta zo yadda kowa ya zata. A 2002 sun ci wasa 5, an ci su 10. A 2003 suka yi kunnen doki da kansu, 8 da 8. Masu kallo daga gabas suka gyaɗa kai, suka ce yara suna ƙoƙari. A 2004 sai lissafi ya canza: nasara 15, faɗuwa 3, suka shiga gasar ƙasa, suka kai zagayen 'yan takwas kafin Virginia ta fitar da su, ita kuma Virginia ta wuce ta ɗauki kofin shekarar. Juma'ar da za ta yi kyau tun daga Laraba ake gane ta, amma mutanen gabas ba su duba kalanda ba.

A nan labarin ya yi wata kwana. A jihar New York akwai wata yarinya 'yar shekara 9, Jaclyn, mai son lakuros. A watan Maris na 2004 likitoci suka gano tana da ciwon daji a ƙwaƙwalwa. Aka yi mata tiyata, aka shiga ba ta magani mai karya jiki. Labarinta ya bi ta bakin masu horar da wasa har ya isa Evanston. 'Yan matan Northwestern suka aika mata da kyaututtuka da saƙon gaisuwa, daga baya suka haɗu da ita ido da ido, suka mai da ita 'yar ƙungiya ta girmamawa. Ba su tsaya a hoto ɗaya na nuna wa duniya ba. Suka riƙa kiranta, suna aika mata saƙo a waya, ita kuma tana bin sakamakon wasanninsu daga gadon jinya. Wa yake ƙarfafa wa wani gwiwa a nan, masu lafiya ko mara lafiya?

Kakar 2005 ta kama. Suka ci wasan farko, suka ci na biyu, suka ci na goma. Aka fara cewa ai ba su gamu da manya ba tukuna. Suka gamu da manyan, suka wuce. A wasan kusa da na ƙarshe suka kawar da Dartmouth. Ranar 22 ga Mayu, 2005, a birnin Annapolis na jihar Maryland, wato a tsakiyar gidan masu wasan, suka tsaya gaban Virginia, mai riƙe da kofi, wadda ta kore su bara. Da kai ne ɗan kallo a ranar, a kan wa za ka sa bakinka?

Aka tashi 13 da 10, Northwestern ce da nasara. Wata yarinya mai suna Kristen Kjellman ita kaɗai ta zura 5. Wasa 21 suka buga a shekarar, 21 suka ci, ko sau ɗaya ba a kai su ƙasa ba. Karo na farko ke nan da kofin lakuros na NCAA, na maza ko na mata a babban rukuni, ya bar yankin gabas. Tagwayen nan da aka tsinta a bakin titi kuwa, ba benci suka ɗumama ba. Sun zama ginshiƙan ƙungiyar, har sunayensu suka shiga jerin gwanayen ƙasar baki ɗaya. Shekara 4 kacal daga ranar da aka nuna musu yadda ake riƙe sanda. Ɗan hakin da ka raina, in ji Hausawa. To, a ganinka wannan labarin ne zai mamaye jaridun Amurka?

Ko kusa. Lakuros na mata ba wasan da ke cika gidajen kallo ba ne, saboda haka aka ba su 'yan layuka a shafin wasanni aka wuce. Sai a watan Yuli, da Shugaba George W. Bush ya gayyaci zakarun jami'o'i zuwa fadar White House kamar yadda aka saba. Lokacin zafi ne a birnin Washington. 'Yan matan suka yi kwalliya da riguna da siket masu kyau, suka miƙa wa shugaba kyautar sandar wasa, aka jeru aka ɗauki hoto. Kowa na murmushi. Hoton ya hau intanet. Sai wani ya sauke idonsa ƙasa.

A sahun gaba mata 9 ne. Huɗu daga cikinsu silifa ce a ƙafarsu, irin mai igiya tsakanin yatsu, wadda ke tafi da dunduniya in ana tafiya. Ɗan'uwan ɗaya daga cikinsu ya ga hoton, ya aika mata da saƙo cikin manyan baƙaƙe, yana tambaya cikin kaɗuwa: silifa kika sa zuwa White House? Jaridar Chicago Tribune ta ɗauki wannan tambaya ta mai da ita kanun labari a shafin farko. Kafin ka ce kwabo, gidajen talabijin sun ɗauka, masana ado sun fito suna sharhi, dattawa suna kukan tarbiyya ta lalace. Mahaifiyar ɗaya daga cikin 'yan wasan ma ta shaida wa 'yan jarida cewa kunya ta kusa kashe ta. 'Yan matan suka ce ai ba silifar wanka ba ce, ta ado ce, wata har da duwatsu masu ƙyalli, dala 16 aka saye ta. Wa ya saurare su?

Kada mu yi saurin yi wa Amurkawa dariya, mai karatu. Mu ma nan mun san darajar shiga. Yaron da ya je gaishe da surukai da gajeren wando ya san abin da zai biyo baya, kuma dattijon da ya ce fada tana da ladabinta bai yi ƙarya ba. Abin dariyar yana wani wuri. A Rano laifi ne ka taka gaban Sarki da takalmi, a Washington laifi ne takalminka ya gaza rufe ƙafa. Ladabi ɗaya ne, tufafinsa ne suka bambanta. Abin takaicin kuma shi ne, mutanen da ba su san an yi wasa 21 ba a faɗi ba, waɗanda ba su taɓa jin labarin tagwayen Indiana ba, yanzu sun haddace launin silifar kowace yarinya. Kelly ta kalli ƙafa ta ga zakaru. Duniya ta kalli zakaru ta ga ƙafa.

To, ga tambayar da ta fi kowace nauyi. Kai ne ɗan shekara 20, ƙasa guda tana yi da kai, hotonka yana yawo, 'yan gidanku ma sun bi sahun masu zargi. Me za ka yi? Wani zai kulle kansa a ɗaki har ƙura ta lafa. Wani zai fito yana zage-zage, ya ƙara wa wutar fetur. Wani zai rubuta doguwar takardar ban haƙuri wadda bai yarda da ita ba a zuciyarsa. 'Yan matan nan ba su bi ko ɗaya daga cikin hanyoyin nan uku ba. Sun lura da wani abu: a karo na farko, kyamarorin ƙasar duka suna kallonsu. Sai suka tuna da Jaclyn.

Suka fito a talabijin suka sanar cewa za su yi gwanjon silifan da ake ta magana a kansu, kuɗin kuma na jinyar ƙawarsu ce 'yar shekara 10. Ka ji dabara! Duk wanda ya zo kallon abin kunya sai ya koma gida da sunan yarinya mai ciwon daji a kunnensa. Masu sharhin ado suka rasa ta cewa, domin wa zai ci gaba da zagin takalmin da ya zama sadaka? Gaba ta kai su, gobarar Titi. Amma ba a nan alherin ya tsaya ba.

Wata rana Jaclyn tana zaune a ɗakin jira na asibiti, wayarta sai ƙara take yi da saƙonnin 'yan wasan. Wata yarinya mara lafiya da ke kusa da ita ta tambaye ta su wane ne suke ta nemanta haka. Da suka keɓe, Jaclyn ta gaya wa mahaifinta cewa ya kamata a samo wa yarinyar can tata ƙungiyar. Daga wannan magana ta ƙaramar yarinya iyayenta suka kafa gidauniyar Friends of Jaclyn, wadda aikinta shi ne haɗa yara masu irin wannan ciwo da ƙungiyoyin wasa na makarantu da jami'o'i, su ɗauke su tamkar ƙanne. Ɗaruruwan yara sun samu ƙungiya ta wannan hanya. Ita kuma Jaclyn Allah ya yi da sauran kwana, ta girma, ta yi karatun jami'a. Ko a nan aka tsaya, ai labari ya yi daɗi, ko ba haka ba?

Sai dai masu cewa sa'a ce kawai suna nan suna jira. Northwestern ta ba su amsa a fili. A 2006 ta doke Dartmouth 7 da 4. A 2007 ta sake kayar da Virginia 15 da 13. A 2008 Pennsylvania ta sha kashi 10 da 6. A 2009 aka yi wa North Carolina ruwan ƙwallaye, 21 da 7, a shekarar da suka buga wasa 23 ba faɗuwa. Kofi 5 a jere. Kjellman ta karɓi lambar Tewaaraton, wadda ake ba gwarzon shekara, a 2006 da 2007, sannan Hannah Nielsen, 'yar Ostareliya, ta karɓa a 2008 da 2009. Yanzu iyayen gabas ne ke roƙon a ɗauki 'ya'yansu zuwa garin ƙanƙara. Amma duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

A wasan ƙarshe na 2010 suka haɗu da Maryland, tsohuwar makarantar Kelly. Northwestern ta fara zura 6 ba ko ɗaya. Da kai ne, da ba ka fara tunanin inda za a ajiye kofi na shida ba? Maryland ta farfaɗo, ta rama, ta ci 13 da 11. Suka haɗiye, suka dawo suka karɓe kofin daga hannun Maryland ɗin a 2011 da ci 8 da 7, suka ƙara a 2012 a kan Syracuse. Daga nan aka yi fari na shekara 10, har aka fara cewa zamanin Kelly ya wuce. A 2023 ta lallasa Boston College 18 da 6, ta ɗauki kofi na 8, ta kamo malamarta Timchal a yawan kofuna. Shekara ta zagayo, 2024, suka sake haɗuwa da Boston College a wasan ƙarshe, suka sake yin gaba da 6 ba ko ɗaya, aka sake cin su, 14 da 13. Rami ɗaya, faɗuwa biyu. Ashe gwani ma ba ya gama koyon darasi.

A 2028 lakuros zai koma gasar Olamfik a birnin Los Angeles, kuma mata za su buga. Watakila ranar ka gan shi a talabijin ɗin mai shayi, ka ce ai na san labarin wasan nan.

Kafin nan, ga wata 'yar jarrabawa da ba sai ka je Amurka ba. Gobe da safe ka tsaya a bakin hanyar makaranta a Rurum. Za ka ga yarinyar da ta makara, ta tuɓe silifarta ta riƙe a hannu, ta sheƙa da gudu ta wuce sa'o'inta maza kamar an tsayar da su, jakarta na dukan bayanta, ko haki ba ta yi. Mutum biyu za su kalle ta. Ɗaya zai ce, dubi 'yar wane tana gudu ba takalmi, ba kamun kai. Ɗayan zai yi shiru yana lissafin abin da ƙafafun nan da zuciyar nan za su iya in an ba su fili, ko a wasa, ko a aji, ko a wani fagen da ba mu san sunansa ba tukuna.

Mai karatu, tsakaninka da Allah, wanne ne kai?